Takardar ciniki kaɗai ba ta isa shaidar mallakar gida ba

An daɗe ana cewa da zarar ka biya kuɗi, shaidu sun sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, to gida ya zama naka. Ba abin mamaki ba ne, haka iyayenmu suka yi ciniki shekara da shekaru.

Amma a Najeriya, dokar amfani da filaye ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamnan jiha. Abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, yawanci na shekara 99, kuma sashe na 22 ya ce ba a mayar da shi ga wani sai da amincewar gwamna. Takardar ciniki tana da amfani, domin tana nuna kuɗi sun shiga hannu. Sai dai ba ta nuna cewa mai sayarwa yana da ikon sayarwa. Nan ne sababbin masu saye ke faɗawa: gidan gado da magaji ɗaya ya sayar ba da sanin 'yan uwansa ba, ko wanda aka jinginar a banki, ko wanda aka sayar wa mutum biyu.

Kafin ka biya, karɓi kwafin takardar mallaka, wato takardar izinin zama da gwamnati ta bayar, ka kai lambarta ma'aikatar filaye a binciko sunan da ke cikin fayil da ko akwai jingina. Ka sa safiyo ya auna iyakoki. Idan gado ne, nemi takardar rabo daga kotu, kowane magaji ya sa hannu. Kuɗi kuwa ta banki za ka tura.

Don Allah a tura wa masu shirin sayen gida.