Ruwan Kwatarku Ina Yake Zuwa?

Jama'a, wannan tambaya ce da mu ma'aikatan duba-gari muke yawan yi a unguwanni, kuma ba kasafai ake amsa ta ba. Yawancin ruwan da ke fita daga kwatocin cikin birnin Kano, Jakara yake faɗawa. Jakara ta bi ta gefen kasuwar Kurmi, ta fice daga gari, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, su je su zube a dam ɗin Wasai, wajen Minjibir. A bakin wannan ruwan ne masu lambu da dama ke ban-ruwan latas da kabeji da alayyahu da karas. Da asuba a ɗauro su zuwa kasuwa. To, uwar gida, ƙazantar da aka tura lambatu tana iya dawo miki a farantin salak.

Gari tamkar jiki ɗaya yake. Ruwan sama, ƙasa, bishiyoyi, shara, dabbobi da mutane, kowanne na shafar ɗan'uwansa. Kakanninmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun yi aiki da shi. Sharar gida a da toka ce, da kashin awaki, da ɓawon kayan miya. Da rani manoman ƙauyukan kewaye sukan shigo da jakuna su kwashe ta a mangala, ta zama taki, hatsin da ta haifar ya dawo birni. Kududdufan nan ma da ake raina wa, ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, kuma su ke shanye ruwa idan marka ta sauka a watan Agusta.

Yanzu fa? An cike kududdufai da yawa da bola, an yanka filoti, an dasa gini. Tsakar gida an malale ta da siminti, ƙofar gida an shimfiɗa intalok. Ruwa bai san takardar fili ba. Inda ya saba kwanciya nan zai nufa, ko da an gina falo a wurin.

Ita kuwa leda ta ɓata lissafin duka. Ku leƙa ƙarƙashin kowace kwalbati kafin ruwan farko: ledar fiya-wata, robar lemo, ƙunzugun jarirai, duk sun cushe sun toshe hanya. Ruwa ya tsaya, sauro ya samu gida, kuma a zafin nan namu daga ƙwai zuwa sauro mai cizo bai fi kwana 7 zuwa 10 ba. Idan lambatu ya tumbatsa ya haɗu da masai, ya gangara rijiya, sai amai da gudawa da taifod su biyo baya. Manomin da ya sayi motar shara kuma, gonarsa ta cika da leda da fasassun kwalabe, akuya ta haɗiye, ta rame ta mutu.

Ba mu ce a bar kududdufi ya zama juji ba. Wanda aka yashe, aka hana zuba shara da ba-haya a ciki, ya fi wanda aka cike amfani.

Abin da muke roƙo bai fi ƙarfin kowa ba. A ware shara tun daga gida: toka da ragowar abinci gefe guda don taki, roba da ƙarfe a ba 'yan gwangwan, saura a kai inda motar REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, ke kwasa. Al'adar nan ta jiran hadari ya haɗu a juye kwandon shara a kwata, don Allah a daina. Maƙwabcinka na gangare kake aika wa. Ranar Asabar ɗin tsaftar muhalli, idan an yashe lambatu, kada a tara dagwalon a bakinsa, ruwan farko zai mayar da shi ciki. Mai sabon gini ya bar ɗan fili babu siminti, ya dasa darbejiya ko mangwaro, ya kuma nesanta masai da rijiya da kimanin mita 30.

Ganyen da za a ci ɗanye kuwa, a wanke shi ganye-ganye da ruwa mai tsafta, a sake ɗauraye shi. Yaron da ya fara gudawa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari nan take, a wuce da shi asibiti mafi kusa.