Waiwaye: Tun Yaushe Ake Neman Abinci a Daji Ba Tare da An Cinye Shi Ba?

Har yau ana ta ja-in-ja. Wasu na cewa idan mutanen karkara suka sami kasuwar zuma, ƙaro da sassaƙen magani, da kansu za su kare daji. Wasu kuma na cewa kasuwar ce ke ƙarar da shi. Wannan muhawara ta daɗe.

A 1978 taron gandun daji na duniya da aka yi a Jakarta ya ɗauki taken "daji don jama'a". A 1988 aka kashe Chico Mendes, jagoran masu tatsar roba a Brazil, kuma a 1990 ƙasar ta fara ware dazuzzukan da ake ɗibar amfaninsu ba a sare su. Sai taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a birnin Rio na Brazil a 1992. Su ma masu shakka suna da hujja: wani icce da ake kira Prunus africana, wanda ake haɗa maganin mafitsarar maza da ɓawonsa, an yi ta saɓule shi har a 1995 aka sa shi cikin itatuwan da ake sa ido kan cinikinsu a duniya.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne abin da ya faru a dajin Arabari, a jihar Bengal ta Yamma a Indiya, a 1972. Dajin icen sal (wani icen katako) na wurin ya zama kututture, domin da reshe ya tofo sai a sare. Wani jami'in gandun daji, A.K. Banerjee, ya zauna da mutanen ƙauyukan ya ji ta bakinsu. Aka yi yarjejeniya da iyalai 612 a kan hekta 1,272: su tsare dajin, a ba su aiki a cikinsa, su ɗebi itacen wuta da ciyawar dabbobi, sannan idan an yi girbin katako su karɓi kashi ɗaya cikin huɗu na ribar.

Wannan kashi ɗaya cikin huɗun, a ganina, shi ne asirin. Wanda ya san yana da rabo a iccen da zai girma nan da shekara goma zai iya haƙuri. Wanda bai da tabbas kuwa, yau zai sare, kafin wani ya riga shi, kuma ba na ganin laifinsa. Dajin Arabari ya farfaɗo. A yankin, mata na tsintar ganyen sal su ɗinka faranti su sayar, sana'ar da sai icce na tsaye take yiwuwa. A 1990 Indiya ta mai da tsarin na ƙasa baki ɗaya.

Abin da ke damuna shi ne, har yanzu akan fara tallafin sana'ar daji da inji da rance da neman mai saye, alhali ba a rubuta wa masu ɗibar kayan ko nawa ne rabonsu a dajin ba.