Waiwaye: Yadda sunan dangi ya koma sunan masu tada zaune tsaye

Idan Baturen Ingila ya ce hooligan, yana nufin matashin da ke yawo cikin gungu yana fasa kaya yana dukan jama'a, ba don sata ko ramuwa ba, sai don neman fitina kawai. Kusan abin da muke kira ɗan daba ke nan.

Kalmar ba tsohuwa ba ce. Ta fara fitowa a rubuce a 1894 cikin rahotannin kotunan Landan, inda aka ambaci wani gungun samari na unguwar Lambeth da ake kira da wannan suna. A watan Agustan 1898 aka yi kisan kai a unguwar, aka ɗora wa ɗaya daga cikinsu, jaridu suka yi ca a kai, daga nan kalmar ta shiga bakin kowa.

Ana kyautata zaton tushenta sunan dangi ne na mutanen Ireland, wato Houlihan. A shekarun 1890 ana wata waƙar barkwanci a gidajen wasa na talakawa kan wani iyalin Ireland masu rigima da ke ɗauke da sunan, kuma wannan bayanin ya fi ƙarfi. Marubuci Clarence Rook ya kawo wani labarin a 1899, cewa sunan wani ɓarawo ne mai gadin mashaya a unguwar Southwark ta Landan, Patrick Hooligan, amma labarin nasa bai da shaidar da ta tabbatar da shi. Abin lura shi ne talakawan Ireland da suka cika kudancin Landan a lokacin ana kallonsu da raini, kuma mai yiwuwa rainin nan ne ya maƙala wa sunansu wannan tambari.

Rashawa sun ari kalmar har ta zama laifi a doka. Sashe na 213 na kundin laifukan Rasha a kanta yake, kuma da shi aka hukunta mata uku na Pussy Riot, ƙungiyar mawaƙa masu adawa da gwamnati, a 2012.

A Ingila kuwa, tun shekarun 1960 kalmar ta manne wa magoya bayan ƙwallo. Ranar 29 ga Mayun 1985, a filin Heysel na Brussels, magoya bayan Liverpool suka afka wa na Juventus, katanga ta rushe, mutum 39 suka mutu. An kori ƙungiyoyin Ingila daga gasannin Turai shekara 5, Liverpool 6. Yanzu kotu na iya haramta wa mai tada rikici shiga filin wasa, ta kuma tilasta masa miƙa fasfonsa ga 'yan sanda duk lokacin da tawagar Ingila za ta buga wasa a waje.