Yawo da ƙaramar bindiga a ɓoye a Amurka: abin da doka ta yarda da shi, da inda take kama mutum

A ranar 23 ga Yunin 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da ake kira Bruen. Alƙalai shida cikin tara suka ce jihar Niyok ba ta da hurumin tambayar mutum wani dalili na musamman kafin ta ba shi lasisin fita da ƙaramar bindiga. Kwanaki kaɗan bayan haka, gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu daga 'yan fashin daji, sai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin makaman da aka haramta, sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar farauta ce Sufeto Janar na 'yan sanda yake ba lasisinta. Shi ya sa duk wanda ya tashi a Kano ko Gusau, in ya ji an ce a Tekzas mutum zai shiga kanti ya sayi fistol ya soke a ƙugu, sai ya ɗauka ƙasar ba doka ke nan. Akwai doka, har ta yi yawa, kuma kowace jiha da tata.

Tushen maganar shi ne gyara na biyu na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka amince da shi a 1791. An daɗe ana gardama kan ko 'yancin riƙe makami na mutum ɗaya ne ko na rundunar sa-kai, har 2008 da kotu ta ce a shari'ar Heller na mutum ne, musamman a cikin gidansa. A 2010 ta ce jihohi ma dole su girmama shi. Bruen ce ta fito da shi waje, kan titi.

Amma kafin a zo batun titi, sai an wuce kantin. A ce ka shiga wurin dillali mai lasisin tarayya. Bindigogin suna jere cikin akwatin gilas, kowace da farashinta rataye da zare. Ka nuna wadda kake so, mai kanti ya ciro gidan harsashi, ya ja samanta baya ya leƙa, ya tabbatar babu komai a ciki, sannan ya miƙo maka. In kun daidaita, zai karɓi katin shaidarka mai hoto da adireshi, ya tura maka fom mai lamba 4473. Dokar tarayya ta 1968 ta hana shi sayar wa ɗan ƙasa da shekara 21 ƙaramar bindiga, kuma ba zai damƙa maka ita ba in ba mazaunin jiharsa ne kai ba. Daga nan zai shigar da sunanka cikin na'urar binciken hukumar FBI, wadda ta fara aiki a 1998. Yawanci amsa takan zo cikin mintuna: a ba shi, a dakata, ko a hana. In an ce a dakata kuma kwana uku na aiki suka wuce shiru, dokar tarayya ta ba dillalin damar miƙa bindigar, sai dai in jiha ta ce a'a. A Kalifoniya ko da an wanke ka sai ka jira kwana 10, a Ilinoi awa 72.

Fom ɗin nan shi ne wurin da 'yan'uwanmu baƙi ya kamata su nutsu. Yana tambaya ko an taɓa samun ka da laifin da hukuncinsa zai iya wuce shekara ɗaya a kurkuku, ko an taɓa hukunta ka kan dukan iyali, ko kotu ta ba da umarnin ka nisanci matarka, ko kana shan ƙwaya. Har gargaɗi aka rubuta cewa halatta tabar wiwi da wata jiha ta yi bai canja dokar tarayya ba. Sai kuma tambayar zama. Mai katin zama na dindindin, girin kad, yana iya saye kamar ɗan ƙasa. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara ba ya iyawa, in ban da 'yan togaciya kaɗan, kamar mai riƙe da lasisin farauta na wata jiha. Wanda takardunsa suka mutu kuwa, ko riƙe bindiga a hannu laifi ne, kuma tun 2022 hukuncin yana kaiwa shekara 15, ga kora daga ƙasa a bayansa.

Akwai wata tambaya a farkon jerin da nake ganin ta fi kowace haɗari ga Bahaushe, domin mu mutanen aike ne. Tana cewa: kai ne ainihin mai sayen? A wurinmu ba komai ba ne yayanka ya ce ga kuɗi, ka biya ka sayo min. A nan kuwa laifi ne babba. Wani tsohon ɗan sanda a Bajiniya, Bruce Abramski, ya karɓi kuɗin kawunsa ya sayo masa fistol ƙirar Glock 19 don a samu rangwame, ya rubuta a fom cewa shi ne mai saye. Kawun ba shi da wani tsohon laifi da zai hana shi, da kansa ma zai iya saye. Duk da haka a 2014 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin da aka yi wa Abramski. Kyauta ta gaskiya, da kuɗinka, daban ce. Aike ne aka hana.

Mallaka daban, fita da ita daban. A nan jihohi suka rabu. Zuwa 2024 jihohi 29 sun daina neman lasisi kafin baligi mara laifi ya ɗauki bindiga a ɓoye. Bamont ba ta taɓa nema ba, Alaska ta bi a 2003, Tekzas a 2021, Filorida a 2023. Sauran suna neman lasisi, kuma bayan Bruen dole su bayar in mutum ya cika sharuɗɗa, sai dai sharuɗɗan ne suka sha bamban ƙwarai. Niyok, wadda ta sha kaye a kotu, ta yi maza ta kafa sabuwar doka: awa 16 a aji, awa 2 a filin harbi, mutane huɗu da za su shaidi halinka, da ganawa ido da ido. Ilinoi, jiha ta ƙarshe da ta yarda da ɗaukar bindiga a ɓoye a 2013, ita ma awa 16 take nema. A Tekzas, wanda ya ga damar yin lasisin zai zauna awa huɗu zuwa shida, sannan ya harba harsashi 50 daga nisan yadi 3 da 7 da 15, ya samu maki 175 cikin 250.

Gaskiya jarrabawar nan ta Tekzas ba ta kai ta kawo ba. Allon da ake harbi yana tsaye, ba ya gudu, ba ya ramawa, rana tsaka, malami yana gefenka. Wanda ya ci ta ya nuna dai ba zai harbi ƙafarsa ba. Duk malamin kirki zai fara da ƙa'idoji huɗu da aka san Jeff Cooper da su, kuma zai yi ta nanata su har ka gaji: ka ɗauka kowace bindiga ɗure take, kada ka nuna bakinta ga abin da ba ka shirya lalatawa ba, yatsanka ya nisanci kunama sai ka saita, kuma ka san abin da kake hari da abin da yake bayansa. Ta ƙarshen nan ita ce mai kai mutum kotu. Harsashin da ya kuskure ɓarawo ya samu yarinya a tsallaken titi, kai za a tambaya.

Ko a ina ba a neman lasisi, ni dai shawarata a yi shi, kuma dalilin na doka ne. Akwai dokar tarayya ta 1990 da ta hana ɗaukar bindiga mai harsashi a cikin ƙafa 1,000 daga harabar makaranta, wato wajen mita 300. Ta togace wanda jihar da makarantar take ta ba lasisi. Wanda yake yawo ba lasisi, don jiharsa ta ce ba dole, wannan togaciyar ba ta rufe shi ba. A birni kuwa da wuya ka je kasuwa ka dawo ba ka gifta wata firamare ba.

Zaɓen bindigar ma doka tana sa baki. A Niyok da Kalifoniya gidan harsashin da ya wuce cin 10 haramun ne, Kalifoniya kuma tana da jerin samfuran da ta yarda dillalai su sayar. Bayan wannan, sabon shiga yakan yi kuskure ɗaya: ya zaɓi mafi ƙanƙanta don ta fi sauƙin ɓoyewa. Alhali ƙaramar ta fi shuri, ga mariƙi gajere da ba ya cika tafin hannu, sai atisaye ya zama azaba, mutum ya daina zuwa. Shi ya sa ake yawan ambatar matsakaita masu harsashin milimita 9, irin Glock 19, ko SIG P365 da ta fito a 2018 ga mai son siririya. Filayen harbi da yawa suna ba da haya, ka gwada uku ko huɗu kafin ka zuba kuɗinka. Sai kube mai tauri wanda ya rufe kunama ruf. Jefa ta a aljihun riga tare da makullai, ko a jakar hannu cikin tarkace, shi ne yadda mutane suke harbin kansu.

Da lasisi ko babu, akwai wuraren da ba a shiga da ita. Gine-ginen gwamnatin tarayya, kotuna, bayan shingen bincike a filin jirgi. A 2023 kaɗai jami'an filayen jirgi sun kama bindiga 6,737 a jakunkunan hannu, akasari ɗure, masu su kuma yawanci cewa suke sun manta. Niyok ta ƙara da jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da dandalin Times Square. A Tekzas, in ka ga jan lamba 51% a ƙofa, ma'anarta fiye da rabin cinikin wurin giya ce, ba a shiga da makami. Mai shago, ko kwamitin masallaci, suna da ikon kafa sanarwar hani a wurinsu.

Sai iyakar jiha, wadda ba shinge gare ta, ba jami'i, allo ne kawai a gefen hanya. A 2013 wata mata daga Filadelfiya, Shaneen Allen, mai 'ya'ya biyu, da lasisin Fensilbaniya a jakarta, ta tsallaka Niyu Jasi. Ɗan sanda ya tsayar da ita kan laifin tuƙi, ita da bakinta ta gaya masa tana da bindiga. Niyu Jasi ba ta san lasisin maƙwabciyarta ba. Aka kama ta, tana fuskantar aƙalla shekara uku da rabi a kurkuku, sai da maganar ta karaɗe ƙasa, daga baya Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa a 2015. Lasisin tuƙi yana aiki a duk jihohi 50. Na bindiga sai inda aka yarda da shi.

Tsayarwar ɗan sanda ita ce wurin da nake so mai karatu baƙar fata ya tsaya ya yi tunani. Wasu jihohi, kamar Mishigan, sun wajabta ka faɗa nan take cewa kana ɗauke da makami, wasu sai an tambaye ka. Malamai sukan ce ka kashe mota, ka sauke gilas, in dare ne ka kunna fitilar ciki, hannuwa biyu a kan sitiyari, ka faɗi inda take, kada ka motsa sai an ce. A ranar 6 ga Yulin 2016 a Minesota, Philando Castile, mai lasisi, ya gaya wa ɗan sanda cikin natsuwa cewa yana da bindiga. Cikin daƙiƙoƙi aka harbe shi a kujerarsa, budurwarsa a gefe, 'yarta ƙarama a baya. A 2017 kotu ta sallami ɗan sandan.

Lasisi izinin ɗauka ne, bai ce komai ba kan harbi. Wannan wata doka ce, kuma gindinta ɗaya a kusan ko'ina: sai in mai hankali da ke tsaye a inda kake zai yarda cewa mutuwa ko mummunan rauni na gab da samunka ko wani. Zagi bai isa ba, ɓarawon da ya juya yana gudu yawanci bai isa ba, kuma wanda ya tsokano faɗan yakan rasa kariyar. A Niyok, a wajen gidanka, in akwai hanyar janyewa lafiya dole ka janye. Filorida ta cire wannan sharaɗin a 2005, mutane da yawa suka ɗauka an sakar musu mara. A 2018 wani mai lasisi, Michael Drejka, ya tsaya yana yi wa wata mata faɗa kan wurin ajiye mota na naƙasassu. Uban 'ya'yanta ya fito daga shago ya hankaɗe shi ya faɗi. Drejka ya zaro bindiga, kyamara ta nuna mutumin ya fara ja da baya, ya harbe shi. Ɗaurin shekara 20 aka yanke wa Drejka.

Daga ƙarshe bindigar takan kwana a gida, inda yara suke, inda ɓacin rai yake. Daga cikin mutum 48,830 da bindiga ta kashe a Amurka a 2021, fiye da rabi kansu suka kashe. Jihohi da dama sun wajabta kulle ta inda yaro ba zai kai ba, dillali kuma dole ya haɗa maka da makulli ranar saye. A Mishigan, James da Jennifer Crumbley sun sayo wa ɗansu mai shekara 15 fistol, ba su killace ta ba, ya ɗauke ta ya kashe ɗalibai huɗu a makarantarsu a 2021. A 2024 aka yanke wa uwa da uba, kowanne, ɗaurin shekara 10 zuwa 15.