Ɗafa-ƙeyar Suna da Mallaka a Harshen Turkanci

Turkanci, harshen hukuma na ƙasar Turkiyya wanda ake rubutawa da haruffan boko tun shekarar 1928, yana nuna aikin da suna ke yi a cikin jimla ta hanyar ɗafa-ƙeya. Inda Bahaushe zai sa "a", "zuwa" ko "daga" a gaban suna, Baturke yakan liƙa ƙaramar gaɓa ne a ƙarshensa.

Masana nahawu sukan ƙirga sigogi shida na suna. Kalmar ev, wato gida, idan tana matsayin aikau (mai yin aiki a jimla) ba a ƙara mata komai. Eve na nufin "zuwa gida", evde "a gida", evden "daga gida", evin kuwa "na gida". Ta shida, evi, ita ce sigar karɓau (abin da aikin ya faɗa wa), amma ba ta fitowa sai abin da ake magana a kansa sananne ne: kitap okudum na nufin "na karanta littafi", kitabı okudum kuma "na karanta littafin". A lura da yadda p ya koma b saboda wasalin da ya biyo baya. Wasalin ɗafa-ƙeya yana bin na ƙarshe a tushen kalma, shi ya sa ake cewa evde amma okulda, "a makaranta". Idan sunan yanka ne, akan raba shi da ɗafin da alamar ɗauri a sama ('), kamar Ankara'da.

Mallaka ma a ƙeya take: evim gidana, evin gidanka, evi gidansa, evimiz gidanmu, eviniz gidanku, evleri gidansu. Da yake Turkanci ba ya bambanta jinsi, evi ɗin nan shi ne kuma gidanta. Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda ake yi wa mallaka alama sau biyu, a kan mai abu da kuma a kan abin, kamar Ali'nin evi, "gidan Ali", inda Hausa ke wadatuwa da mahaɗi guda.

Jerin ɗafe-ɗafen ba ya sauyawa: jam'i ne farko, sai mallaka, sannan siga. Ta haka evlerimizden ke ɗauke da "daga gidajenmu" a kalma ɗaya. Bayan mallakar mutum na uku (shi, ita ko su) kuwa akan cusa n kafin siga, don haka evinde na iya zama "a gidansa" ko "a gidanka", sai an ƙara onun, "nasa", ko senin, "naka", a gaba idan ana son kawar da shakka.