Me ake nufi da "ƙuri'ar mazauna ƙetare"?

Duk lokacin da Majalisar Dokokin Najeriya ta zauna gyaran kundin tsarin mulki, akwai batun da ba ya fashi: ƙuri'ar mazauna ƙetare, waɗanda 'yan boko ke kira dayasfora. Ma'anarta a taƙaice ita ce a bai wa ɗan ƙasa da ke zaune a wata ƙasa damar kaɗa ƙuri'a a zaɓen gida daga can inda yake, ba sai ya yi tattaki ya dawo ba. Yanzu ma babu dokar da ta hana ɗan Najeriya mazaunin Jidda ko Landan zaɓe, muddin ya yi rajista a gida, yana da katin zaɓe, kuma ya biya kuɗin jirgi ya zo rumfarsa ranar zaɓe. Abin da ake nema shi ne akwatin ya bi shi can.

Yadda akwatin ke bin mutum ya danganta da ƙasa. Yawancin ƙasashen Afirka da ke yin haka a ofishin jakadanci suke buɗe rumfa, mutum ya je da kansa ya dangwala. Amurka da Italiya ta gidan waya suke aika takardar ƙuri'a. Faransa na yarda ka wakilta wani ya jefa maka, Estoniya kuwa ta intanet ma ana yi.

Ba banza aka fi haɗa maganar da zaɓen shugaban ƙasa ba. Ɗan majalisa mazaɓa yake wakilta, gwamna jiha yake mulka. Wanda ya shekara ashirin a Dubai, da wace gunduma za a lissafa shi, ta mahaifinsa ko wadda ya bari? Idan za a kai masa takardun zaɓen majalisar wakilai, sai kowane ofishin jakadanci ya ajiye takarda iri 360, adadin mazaɓun tarayya ke nan. Shugaban ƙasa kuwa na kowa ne, takarda ɗaya ta wadatar. Sashe na 132 na kundin 1999 ma cewa ya yi, a zaɓen shugaban ƙasa, dukan tarayya mazaɓa ɗaya ce. Wannan sauƙin ne ya sa Kenya ta tsaya a kansa: 'yan ƙasarta na waje shugaban ƙasa kaɗai suke zaɓa. Ta fara a 2013 da maƙwabta huɗu, Yuganda da Tanzaniya da Ruwanda da Burundi, ta ƙara Afirka ta Kudu a 2017, a 2022 ƙasashen suka kai 12.

A Najeriya, 'yan kalmomi ne cikin kundin suka tsare ƙofa. Sashe na 77 da na 117 sun ce wanda ya cancanci rajistar zaɓen 'yan majalisa shi ne ɗan ƙasa mai shekara 18 da ke zaune a Najeriya lokacin rajistar. Sashe na 132 kuma ya ce mai wannan rajista shi ne mai zaɓen shugaban ƙasa. Shi ya sa Farfesa Mahmood Yakubu, lokacin da yake shugabancin INEC, ya sha faɗin cewa hukumar a shirye take, doka ce ta ɗaure mata hannu. Kwance ɗaurin kuwa sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa a Abuja sun yarda, sannan majalisun jihohi 24 su sa albarka. An gwada a watan Maris na 2022, sanatoci da 'yan majalisar wakilai duka suka yi fatali da ƙudirin.

Nijar ta riga Najeriya a wannan fage. Can ana kiran mazauna waje jiha ta tara, ƙari a kan takwas ɗin da ke cikin ƙasa, har aka ware musu kujeru 5 cikin 171 na majalisar dokoki. Sun yi zaɓe a 2016. A na 2020 annobar korona ta tsayar da rajistarsu, aka zaɓi shugaban ƙasa ba da su ba, kujerun nan biyar suka zauna babu kowa har watan Yunin 2023. Waɗanda suka ci ko kujerar ba su ɗumama ba sojoji suka kifar da gwamnati ranar 26 ga Yuli. Senegal ta fi kowa sakin hannu a yankinmu, kujeru 15 cikin 165 ta ba nata.

Hujjar da masu fafutuka suka fi ɗagawa ita ce kuɗi. Hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare, NiDCOM, da Abike Dabiri-Erewa ke jagoranta, da ƙungiyoyin 'yan Najeriya a Turai da Amurka, sukan tuna wa mutane cewa abin da ake aikowa gida yana kai wajen dala biliyan 20 a shekara. Gaskiya ne, kuma kuɗin nan su ke biyan kuɗin makaranta da na asibiti a gidaje da yawa. Sai dai ni wannan hujja ba ta kwanta mini ba. Idan aike ne ke sayen ƙuri'a, to ɗalibin da ke Alƙahira, wanda shi ake aika wa, ba shi da rabo ke nan? Zama ɗan ƙasa kaɗai ya isa hujja. Masu adawa ma suna da tasu maganar da ba za a raina ba: wanda ba ya layin mai, ba ya kwana cikin fargabar 'yan bindiga, me zai sa ya zaɓa wa mai shan wannan wuya shugaba? Wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Inda maganar ta fi ɗaukar hankalina shi ne su wa ake nufi da mazauna ƙetare. Idan aka ambaci kalmar a jaridun Legas, hoton da ke zuwa ido na likita ne a Manchester ko injiniya a Houston, mai fasfo a aljihu da takardar zama. Bahaushe kuwa ƙetarensa daban ne. Nasa suna Makka da Madina da Jidda, suna zangon Kumasi da Nima ta Ankara babban birnin Ghana, suna unguwar Birkitari a Yawunde, suna Abijan, suna garuruwan Sudan tun daga Nyala har Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Da yawansu jikokin fatake ne da mahajjatan ƙasa, waɗanda suka bar gida tun ba a san wani abu wai shi fasfo ba. Wasu sun daɗe da zama 'yan ƙasashen da suke, wasu kuma suna tsaka-tsaki, nan ba takarda can ba takarda. Kundin Najeriya ya ce wanda aka haifa a waje, idan uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne. To da me zai tabbatar? Kuma wanda ke zaune a Saudiyya ba iƙama, zai yarda ya fito ya shiga layi a ƙofar ƙaramin ofishin jakadanci da rana tsaka?

Saboda haka duk dokar da za a rubuta, sharaɗin rajista ne zai yanke wa ta amfana. Idan aka ce sai mai fasfo mai rai da izinin zama, an zaɓi wani rukuni an bar wani tun kafin a buga takardar ƙuri'a. Idan aka sassauta, aka ce kowace irin shaida ta isa, an buɗe wata ƙofar: mutumin Maraɗi da na Katsina harshe ɗaya, suna ɗaya, dangi ɗaya, kuma dama kowane zaɓe sai an yi zargin an shigo da baƙi daga maƙwabta.

Sai batun wa zai tsare akwati. Najeriya na da ofisoshin jakadanci sama da 100, jakadun kuma shugaban ƙasa ne ke naɗa su, da yawa 'yan jam'iyyarsa. A rumfar unguwa kowace jam'iyya na da wakili, jama'a na tsaye ana ƙirga. A bayan katangar ofishin jakadanci a wata nahiya, jam'iyyar adawa nawa ce za ta iya tura wakili? Ƙasar da ake baƙunta ma sai ta yarda. Zaɓen Moldoba na 2024 ya nuna yadda wurin ajiye akwati ke da nauyi. Shugabar ƙasar, Maia Sandu, ta sha kaye da ɗan ƙaramin rata a cikin gida a zagaye na biyu, ƙuri'u sama da 300,000 na waje, yawancinsu daga Yammacin Turai, suka ɗaga ta zuwa kusan kashi 55. A Rasha, inda 'yan Moldoba ke da yawa, rumfa biyu kacal aka buɗe, duk a Mosko.

Akwai kuma ƙullin da ya keɓanta da Najeriya. Yawan ƙuri'u kaɗai ba ya ba da shugabanci. Sashe na 134 ya ce sai an haɗa da kashi 25 cikin ɗari a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi da Abuja, jimlar da lauyoyi suka kai har Kotun Ƙoli bayan zaɓen 2023. Ƙuri'ar da aka kaɗa a Toronto, jihar asalin mai ita za a zuba wa, ko za a yi jiha ta 37 irin ta Nijar, ko a jimla kawai za ta shiga? Kowace amsa tana sauya lissafin wani, kuma waɗanda za su zaɓi amsar su ne masu neman kujerun.

Ko an ba da damar, ba lalle mutane su yi tururuwa ba. A Kenya, cikin masu rajista miliyan 22 a 2022, na waje dubu goma ne da 'yan kai, alhali ratar da William Ruto ya bai wa Raila Odinga ta haura 200,000. Ghana kuwa tun 2006 ta yi dokarta, wadda ake kira ROPAA. A 2017 babbar kotu a Ankara ta ba hukumar zaɓe wata 12 ta fara aiki da ita. An yi zaɓen 2020, an yi na 2024, ɗan Ghana mai sana'arsa a Kano ko Landan da ke son dangwalawa sai da ya kama hanyar gida.