Ina ake gano sababbin masu zane, ɗinki da waƙa a Kano, Kaduna da Zariya?

Wai akwai fasahar zamani a biranen nan, ko sai an je Legas?

Akwai, kuma ba yau ta fara ba. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Matsayarsu ita ce za su karɓi dabarar da malamansu Turawa ke koyarwa, amma abin da za su zana daga gida zai fito. Duk mai ba da tarihin zanen zamani a Najeriya sai ya biyo ta wannan ƙungiya.

Sai dai su huɗun nan duk a Kudu suka yi rayuwar aikinsu, kuma har gobe haka abin ke tafiya. Zariya ta horar, Legas ta saya. Can ake da makon baje kolin tufafi na Lagos Fashion Week tun 2011, da kasuwar zane ta ART X Lagos tun 2016, da attajiran da ke ware kuɗi don rataya zane a falo. A nan masu hannu suna da yawa, wurin nuna aikin ne ya yi ƙaranci. Shi ya sa mai nema dole ya bi su inda suke aiki.

To mai son ganin zane ina zai nufa?

Ya fara da Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take. Ɗaliban ajin ƙarshe na sashen zane da na ƙirar masana'antu sukan baje abin da suka yi: fenti, sassaƙa, tukwane, saƙa, rini. A nan ake ganin mutum kafin sunansa ya fita, a nan kuma aikinsa ya fi araha. Sai bukukuwan littattafai da fasaha irin su KABAFEST da aka fara a Kaduna a 2017, da HIBAF na adabin Hausa da ya biyo baya a 2021, inda marubuta da masu ɗaukar hoto da mawaƙan baka ke haɗuwa.

Amma ni ban yarda fasaha ta tsaya a cikin zaure mai fanka ba. Mai zayyana a allo, da mai fentin bayan babbar mota, da yarinyar da ke ƙirƙiro sabon zanen lalle duk sati, suna yin abin da ɗalibin jami'a ke yi, wato ɗaukar tsohon salo su juya shi. Matasa Musulmi da yawa da ba sa son zana mai rai sun karkata ga rubutun Larabci da ajami, da dagin Arewa, da adon bangon gidajen sarauta, kuma daga wannan ɓangaren ne nake ganin aikin da ya fi kama da mu.

A harkar ɗinki fa? Ba duka kwaikwayon Dubai da Senegal ba ne?

Kwaikwayon yana nan, ba a musu. Abaya da ɗinkin Senegal sun cika gari, yadin ma yawancinsa daga waje yake shigowa Kantin Kwari. Masaƙar KTL ta Kaduna, da aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, wasu da dama suka bi ta, sai atamfar Sin ta cike gurbin.

Duk da haka akwai abubuwan da ba a iya shigo da su a kwantena. Karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da 1498, har yanzu da baba da toka ake rini a cikinsa. A birnin Zariya akwai gidajen da ake zama makonni ana yi wa babbar riga aska takwas da allura. A Kano akwai majema da dukawa, fatar da suke gyarawa kuwa har Turai take zuwa. Sabon mai tsara tufafi da ya cancanci a bi sawunsa shi ne wanda ya gane wannan arziki, ya ɗauki saƙi ko rinin baba ya fitar da rigar zuwa ofis, ko ya ɗora ɗinkin hannu a kan tufar mata, ko ya sa baduku ya yi masa jaka mai kyan gamawa. Irin waɗannan ba su da shago a bakin titi. A Instagram suke, da shafin WhatsApp, da ɗaki ɗaya mai kekuna biyu. Hanya mafi sauƙi ta samunsu ita ce gidan biki: ka ga ɗinkin da ya burge ka ranar kamu ko dina, ka tambayi wa ya yi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna abin na yiwuwa. Mai tsara tufafi Alphadi ya shirya bikin nuna tufafi na FIMA na farko a 1998 a cikin hamada kusa da Agadas, ya jawo manyan masu tsara tufafi na duniya suka zo suka ga aikin maƙera da dukawan ƙasar.

Sababbin mawaƙa ta ina suke ɓullowa?

Ta waya. A da sai waƙarka ta shiga fim kafin a san ka, shi ya sa sitidiyoyin Zoo Road da ke Kano suka zama matattara. Daga baya masu tura waƙoƙi a kasuwannin waya irin su Farm Centre suka zama su ke yanke hukuncin abin da zai zaga gari. Yanzu daƙiƙa talatin a TikTok ta isa, sai a bi cikakkiyar waƙar zuwa Audiomack ko YouTube. Tashar Arewa24, da ta fara a 2014, ta ba masu hip hop na Hausa filin da ba su da shi a da, matasan Kaduna da Jos da Bauchi suka samu shiga.

Idan kana so ka riga jama'a ji, daina bin mawaƙi, bi mai haɗa kiɗa. Sunansa na fitowa a farkon waƙa, kuma duk yaron da ke tasowa ta hannunsa yake bi. Ka kuma saurari abin da DJ ke sakawa a biki kafin manyan baƙi su iso.

Yaya zan bambance mai sabon abu da mai bin yayi?

Ka nemi aikinsa guda biyar, ba ɗaya ba. Wanda ya dace sau ɗaya, na biyunsa zai yi kama da na wani. A waƙa ka cire kiɗan a ranka ka ji ko baitin zai tsaya da ƙafarsa. A ɗinki ka juya rigar ka duba ciki.

Idan na same su, me ya kamata in yi?

Ka saya, kuma ka biya abin da aikin ya ci. Mutanenmu kan sayi shadda da tsada ba gardama, amma su tsaya ciniki da wanda ya kwana goma yana mata aiki. Mai zane ma ana ce masa ya yi “don zumunci”. Ga kuɗin fenti da zare da man janareta, mawaƙi a Kano kuma ga rajista da Hukumar Tace Fina-finai, wadda ke aiki tun 2001. Idan ka ɗora hoton aikin a shafinka, rubuta sunan mai shi. Idan kana da shago ko gidan abinci ko makaranta mai bango a fili, ba wa ɗalibi ɗaya wata guda ya rataya zanensa da lambar wayarsa a ƙasa.